Sun tsawwala min kuɗin inshorar rayuwa, in ɓoye hawan jinina?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni direban tirela ne, shekarata 47. Na nemi inshorar rayuwa ta shekara 15 a wani kamfani, don ko ta Allah ta kasance yara su samu na makaranta. Bayan gwajin asibiti, abin da suka yanka min duk wata ya kusa ninka na ƙanena mai aikin ofis, alhali kuɗin da za a biya iyalanmu ɗaya ne. Wai saboda hawan jini da sigari. Wani ejan ya ce in sauya kamfani, in nemi ƙaramin adadin da ba ya buƙatar gwaji, in rubuta lafiyata ƙalau. Me kuka gani?

Baban Amir: Wa alaikumus salam. Yaya, kar ka soma. Na yi aiki a wannan fanni, fom ɗin da ka cike da hannunka shi ne tushen yarjejeniyar. Ranar da iyali suka zo karɓar haƙƙi, kamfani zai nemi rahoton likita. Idan fayil ɗinka na asibiti ya nuna ka daɗe kana shan magani kafin ka shiga, suna da hurumin hana su kuɗin. Shi kuwa ejan tuni ya ci kamashonsa. Sannan ba jinin kaɗai suka duba ba. Shekaru ne kan gaba, kuma mai kwana kan titi ba ɗaya yake da mai zaman ofis ba. Suna duba ƙiba, ciwon suga, har ciwon zuciya a dangi. Hawan jinin da magani ya daidaita ƙari kawai yake jawowa, wanda aka yi sakaci da shi ne ke sa a ɗage ko a ƙi mutum.

Maman Ummi: Baba, ka riƙe maganinka, ka riƙa awo ana rubuta maka a kati. Sigarin nan kuma a haƙura da ita. Kamfanoni da yawa sai ka cika wata 12 da bari suke cire ka daga sahun masu sha.

Malam na Zariya: Tunda wasu malamai na da ja kan inshorar da aka saba, ka leƙa takaful, wato inshorar tsarin Musulunci da mahalarta ke tara kuɗi a asusu ɗaya don taimakon juna, a kamfanoni irin su Noor da Jaiz, duk ƙarƙashin kulawar NAICOM, hukumar da ke sa ido kan harkar inshora a Najeriya. Amma su ma sai sun tambayi lafiyarka, kuma ƙarya a can cin dukiyar sauran mahalarta ce.

Baban Amir: Wani abu kuma, kamfani kake wa tuƙi? Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikatansa inshorar rayuwa ta aƙalla ninki uku na albashin shekara.

Mai tambaya: A'a, motar tawa ce. Zan ce su lissafa min na shekara 10, in kwatanta da na takaful. Na gode.