Ganin kai a bidiyo: ku da kuka saba, yaya kuka yi?

Hajiya mai atamfa, Yamai: Salamu alaikum 'yan uwa. Atamfa da leshi nake sayarwa a Babbar Kasuwa. Ƙanwata ta matsa mini in riƙa ɗaukar bidiyon kaya ina sawa a WhatsApp. Jiya sau 7 na ɗauka, duka na goge. Baki a karkace, hanci kamar an hura shi. Ashe haka ake ganina shekara da shekaru ba wanda ya faɗa mini?

Mushe, Tawa: Wa alaikumus salam Hajiya. Bakinki lafiyarsa lau. Madubi juya fuska yake yi, dama ta koma hagu, kuma da wannan fuskar kika saba tun kina yarinya. Bidiyo kuwa yakan nuna ki yadda mutane ke ganinki, shi ya sa ke kaɗai kike ganin baƙuwa. Hancin kuma laifin kusanta salula ne. Ki jingina ta nesa kaɗan, daidai tsayin idonki, ki fuskanci ƙofar shago don haske ya faɗo miki ta gaba. Ni a 2020, lokacin korona, na fara taro ta Zoom. Sanƙona kawai nake kallo, ban san abin da ake faɗa ba, sai da wani abokin aiki ya nuna mini inda ake ɓoye hoton kai.

Uwar 'yan biyu, Tawa: Mushe ka tuna mini! Maigida yana ci-rani a Abijan. Duk kiran da ya yi, idona na kan ɗan akwatin nan na gefe, ina ta gyara kallabi. Rannan ya ce, "Wai ni na kira ki, ko kanki kika zo gani?" Kunya kamar ƙasa ta tsage. Surukata kuwa, Allah Ya ƙara mata lafiya, ƙarƙashin haɓa take riƙe salular, goshi ko rufin ɗaki kawai yake gani, su yi ta hira har rezo ya yanke. Daga wajenta na koya.

Ɗan Bukoki: Ni murya ce ta dame ni. Na ji ta siririya, na rantse ba tawa ba ce. Ashe in kana magana, sautin yana bi ta ƙasusuwan kai, sai ka ji ta da kauri. Wadda ke cikin bidiyon ita kowa ya sani. Mako biyu ina sauraren saƙonnin muryata kafin ta daina ba ni haushi.

Tela, Yantala: Gaskiya ni har yau ban saba ba, kuma na daina tilasta wa kaina. Hannuna da ɗinkin kawai nake nunawa, ciniki bai ragu ba.

Hajiya mai atamfa: Na gode ƙwarai. Yau na jingina salular kan turamen atamfa, na ɗauka sau ɗaya, na tura ban sake kalla ba. Mata 3 sun amsa. Biyu kuɗin turmi suka tambaya, ɗaya kuma wai ina na sayi mayafin da ke kaina.