Kukan dabbobi a Turanci: inda ɗalibanmu ke tuntuɓe

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum. Malamai da masu fassara, mu haɗa abin da muke gani a aji kan wannan darasi. Tushen matsalar a Hausa yake: jaki kuka, saniya kuka, akuya kuka, kwaɗo kuka. Sai yaro ya ɗauki *cry* ya raba wa kowa, ya rubuta *the donkey is crying*. A Turanci kuwa kusan kowace dabba da nata aikatau: jaki *bray*, saniya *moo* ko *low*, akuya da tunkiya *bleat*, kwaɗo *croak*, mujiya *hoot*, kurciya *coo*. A fara da waɗanda Hausa ma ta ware musu suna, don yaro ya ga tsarin ba baƙo ba ne: haushi *bark*, gurnani *growl*, haniniya *neigh*, cara *crow*, ruri *roar*. Sauran a riƙa kawo biyar biyar a mako, kowace a cikin jimla. Jerin da aka rubuta a allo aka ce a haddace ba ya wuce sati a ka.

Malamin Sakandare:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni furuci ya fi damuna. *Purr*, wato gurnanin da kyanwa ke yi in tana jin daɗi, yaranmu *fur* suke cewa, sun koma zancen gashin jikinta. *Bark* in ba a ja wasalin ba ya zama *back*. *Neigh* ba a furta gh ɗin, daidai yake da *nay*. Sai tarkon harufan ow: *crow* da *low* suna tafiya da *go*, amma *howl* (dogon kukan kare) da *growl* da sautin *how* suke. A sa yara su faɗi kalmomin bibbiyu da ƙarfi, minti biyar a farkon darasi ya isa.

Mai Fassara:
Malam, bari in shiga ɓangaren ma'anar aro, don nan ne manya ma ke zamewa. A wurinmu cara abin yabo ce, shi ya sa muke cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Amma in Bature ya ce *he is crowing about his victory*, zargi ne, yana nufin mutumin na tutiya da nasararsa har ya gundiri mutane. Wanda ya fassara shi da "ya yi cara" ya juya maganar gaba ɗaya.

Haka *bleat* da *whine* (siririn kukan kare) in an ɗora su kan mutum: ƙorafi ne mai ban haushi, irin na mai mita, don haka kada a sa su a takarda a kan koken mutanen da ake girmamawa. *Croak* kan nufi muryar da ta dishe, amma *he croaked* a maganar titi na nufin ya mutu, kuma da rashin ladabi. Ba kalmar ta'aziyya ba ce ko kusa. Yawancin waɗannan kalmomi in aka ɗora su kan mutum rage masa daraja suke yi. Masu sauƙi su ne irin *roar with laughter* da *howl with laughter*, dariya har da ƙyaƙyatawa, da *purr* in ana yabon injin mota mai tafiya sumul.

Mai Darasin Yamma:
Masu shirin WAEC da NECO su kula da karin magana biyu. *His bark is worse than his bite*: faɗansa a baki ne, ba ya cutarwa. *Barking up the wrong tree*: ana zargin wanda ba shi ba ne, ko ana nema inda babu. A tambayoyin zaɓi in aka sa amsar da ta ambaci kare ko itace, ita ce tarkon. Kuma a koyi kalmar tare da abokiyar tafiyarta: *bark at* mutum, *crow about* ko *over* abu, *howl with* dariya ko zafi. *Bark orders* kuwa ba ya ɗaukar *at* a tsakani.

Malamar Firamare:
Yaya Mai Fassara, *hiss* fa? Yara na rubuta *she hissed* da nufin ta yi tsaki.

Mai Fassara:
A Turancin Nijeriya an fahimta, Malama, har a littattafan marubutanmu ana samunsa. Amma ɗan Ingila hucin maciji ko na kyanwa zai ji, ko maganar da aka furta ƙasa-ƙasa cikin fushi ta tsakanin haƙora. In rubutun na waje ne, tsaki *suck one's teeth* ne, wasu a Ingila su ce *kiss one's teeth*. Sannan *quack* da muke kiran likitan bogi gutsuren tsohuwar kalma ce, *quacksalver*, da Turanci ya aro daga harshen mutanen Holan, mai tallan man shafawa da magunguna. A koya wa yara ita daban da kukan agwagwa.