"Ba a fafe gora ranar tafiya": me kawuna yake nufi?

Ɗan Kalangu:
Assalamu alaikum. Ina neman fashin baƙi. Shekara 4 ina bin kawuna kiɗa, da kuntukuru (ƙaramar gangar da ke raka kalangu) na fara. Ranar Asabar a wani biki ya ba ni kalangu in ja gaba, karo na farko. Taken nan ko daga barci aka tashe ni zan kaɗa shi, amma da na ga taro sai na kafa wa hannuna ido, ina lissafin inda gula (sandar kiɗa) za ta sauka, ina tunanin yaushe zan matse tsarkiya a hammata. Kalangu ya daina magana. Mata suka tsaya da rawa suna kallona. Kawu ya raɗa mini, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Cewa yake ban shirya ba?

Malamar Hausa:
Wa alaikumus salam. Ma'anar a fili take, ɗana. Gora sai an yanke bakinsa, an ƙwaƙule 'ya'yan da totuwar, an jiƙa shi kwanaki ɗacin ya fita, sannan a zuba ruwan sha. Wanda ya bari sai ranar tafiya, ruwa mai ɗaci zai sha. Faɗa ya yi maka, ka ƙara koyo.

Tsohon Ɗan Amshi:
Malama, a gafarce ni, a aji haka ne. A bakin makaɗi kuwa tana da wata fuska. Yaron ya fafe goransa, shekara 4 ba kwana 4 ba. Laifinsa shi ne ya ɗauko goran da ya riga ya fafu ya sake zura masa wuƙa a kan hanya. Kalangu muryar mutum yake kwaikwayo: ka matse tsarkiya sauti ya hau, ka sassauta ya sauka. Wa ya taɓa magana yana lura da harshensa bai yi in'ina ba? Marigayi Mamman Shata nan take yake ƙaga waƙa a gaban jama'a, makaɗansa ba su da lokacin shawara da hannu, kunne suke ba shi, hannu ya bi.

Malamar Hausa:
Baba, ai ka lanƙwasa karin maganar ta yi maka daidai. Kuma kada a manta, sabo turken wawa ne.

Tsohon Ɗan Amshi:
Wancan mugun sabo ake nufi, wanda ke ɗaure mutum inda ba shi da amfani. Gyara yana da ranarsa. Da damina fata takan saki, kafin a fita ake gasa ta a bakin wuta, ba wanda ke neman garwashi a tsakiyar fage.

Mai Gurmi:
Ni dai ban yarda a saki hankali gaba ɗaya ba. In kiɗa ya sauya rawa ma ta sauya, to wa zai ji ya sauya in kowa ya lumshe ido? A ɗauke ido daga hannu a ɗora kan ƙafar masu rawa.

Ɗan Kalangu:
Na gode. Na tambayi kawu da safe, dariya kawai ya yi, ya ce akwai suna ranar Alhamis, ni zan ja gaba.

Malamar Hausa:
To ka dawo mana da labari. Ni har yanzu ina kan bakana.