Tambaya kan lissafin IQ: yaya ake yi wa manya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekarar farko a karatun ilimin halayyar ɗan Adam, kuma lissafin IQ, wato makin gwajin basira, ya tsaye mini a wuya.

Tsohuwar hanyar da aka bi a gwajin Stanford-Binet na 1916 na gane ta: a raba shekarun hankali da shekarun haihuwa, a ninka da 100. Yaro ɗan shekara 8 da ya amsa tambayoyin 'yan shekara 10 ya samu 125 ke nan. Amma ɗan shekara 40 da ya yi daidai da ɗan 20 sai lissafi ya ba shi 50, alhali lafiyarsa ƙalau!

Malaminmu ya ce David Wechsler ya gyara wannan a 1939, ana gwada mutum da sa'o'insa, matsakaici 100, tazara 15 (standard deviation, wato ma'aunin yadda maki ke bazuwa daga matsakaici). Nan na tsaya. Ta yaya makin da mutum ya ci yake komawa 115? Kuma dattijo ɗan 70 da saurayi ɗan 25, in kowanne ya samu 115, yawan tambayoyin da suka ci ɗaya ne?

Don Allah wanda ya sani ya warware mini da misali, jarrabawa ta ƙarato.