Neman kalma: me za mu kira "placebo button" da Hausa?

Mai Gabatarwa: Salam jama'a, a taimaka min, ƙarfe 8 na dare zan shiga situdiyo. Ina neman Hausar placebo button, wato abin nan da kake dannawa amma ba ya haɗe da komai. Kamar waɗanda ake dannawa don tsallaka titi a New York, a 2004 aka gano sama da 2,500 cikin 3,250 ba sa aiki, kwamfuta ce ke sarrafa danja, mutane kuwa sai dannawa suke suna jira.

Ɗan Lantarki: Maɓallin bogi mana, an gama.

Malamin Hausa: Bogi ai Turanci ne. Kuma wa ya ce maɓalli? Maɓalli na riga ne, abin da ake dannawa madanni ne.

Ɗan Lantarki: Malam to lifta da kwamfuta fa, kakanninmu ne suka raɗa musu suna? Kullum ku ke nan.

Uwar Biyu: Ni dai jeka-na-yi-ka, ga muƙami ba iko.

Malamin Hausa: Wannan mutum ake faɗa wa. Ni tuntuni na ƙirƙiro danna-ka-huce, kuma da a ce wani farfesa ne ya kawo ta da tuni kun rungume.

Uwar Biyu: Hhh Allah ya huci zuciyar malam, to in mace ce ta danna fa?

Mai Gabatarwa: Don Allah lokaci. Bogi bai min ba saboda abin yana yin wani aiki, a zuciya. Ellen Langer, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta nuna a 1975 cewa wanda ya zaɓi tikitin caca da hannunsa ya fi tsawwala masa kuɗi in an ce ya sayar, alhali sa'a ɗaya ce da wanda aka miƙa wa. Mutum so yake ya ji ragama na hannunsa, shi ya sa zaka ga an tsaya a lifta ana ta lallatsa na rufe ƙofa har sau biyar, ƙofar kuma sai lokacinta ya yi.

Uwar Biyu: To ai rarrashi ke nan, kamar yaro mai kuka ka miƙa masa rimot ba batir. Madannin rarrashi.

Malamin Hausa: Lallashi dai. Amma ba laifi, tunda ita placebo ɗin ma a Latin "zan faranta" take nufi. Har gobe tawa ta fi daɗin faɗa.

Ɗan Lantarki: Ba mai gane madanni, ku rubuta ku ajiye.

Mai Gabatarwa: Zan ce madannin rarrashi sai in yi bayani sau ɗaya. Malam, taka zan sa ta a taken shirin in furodusa ya yarda.

Malamin Hausa: A dai faɗi wanda ya ƙirƙiro.