Mai gadi ko madugu? Neman sunan wani ɗan wasan ƙwallon kwando

Jama'a, ina neman taimako. An ba ni wani labarin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka in mayar da shi Hausa, tun layin farko na cije. Cikin jimla ɗaya an kira yaro "guard", an ce "transfer" ne, an kuma ce "veteran" ne da ke jan ragamar 'yan'uwansa. Na jarraba injin fassara don in ga abin da zai ce, sai ya ba ni "tsohon soja mai gadi da aka yi wa canjin wurin aiki". Na yi dariya har na ƙware da shayi. Ka ce wani baba ne da kulki da tocila a ƙofar ma'aikata.

Bari in ba ku misalin irin ɗan wasan da ake nufi. Tristen Newton ya yi shekara uku yana buga wa jami'ar East Carolina, inda ba kowa ke kallonsa ba. A 2022 ya koma jami'ar Connecticut, wato UConn, wurin koci Dan Hurley. A 2023 suka ci kofin ƙasa, suka doke San Diego State 76 da 59, shi kaɗai ya ci maki 19. A 2024 suka sake ɗauka, suka doke Purdue 75 da 60, ya ci maki 20, aka ba shi gwarzon zagayen ƙarshe. Baƙo ne a makarantar, amma shi ke ɗauko ƙwallo daga baya, shi ke ɗaga yatsa ya nuna salon da za a buga, shi yara ke kallo idan wasa ya rikice. Wannan mutumin nake nema wa suna.

Na fara da mai sauƙin, wato "transfer". Wani ɗan'uwa ya ce a bar shi "taransifa" kawai, ai kowa ya san ta. Gaskiya ne an san ta, Malam, amma a banki da ofis. Ma'aikaci ake yi wa taransifa, ko ya so ko ya ƙi. Wannan kuwa shi ya ɗauki jakarsa. Wani ya ce "an saye shi", kamar yadda muke faɗa a ƙwallon ƙafa. Nan ma ba haka ba ne, domin a al'ada babu kuɗin da wata jami'a ke biyan wata don ta saki ɗalibi. Yaron na iya samun nasa kuɗin, tun da aka halatta musu cin moriyar sunansu da hotonsu a Yulin 2021, amma galibi tsohuwar makarantarsa ko sisi ba ta gani.

Sauya sheƙa ta fi dacewa. 'Yan siyasa sun ɗan ɓata mata suna, na sani, amma asalin hoton na tsuntsu ne da ya tashi da fikafikansa ya koma wata bishiya. Rumbun sunayen nan da hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta buɗe a Oktoban 2018, inda ɗan wasa ke sa sunansa don kociyoyi su san yana neman tashi, na sa masa zauren sauya sheƙa. Zaure dai, inda baƙo ke zama kafin a ce masa ya shigo. Ba wanda ya yi gardama a kan wannan, mun wuce.

Abin da ya sa maganar ta yi yawa yanzu shi ne, da can wanda ya sauya makaranta sai ya yi shekara guda a benci yana kallo. A Afrilun 2021 aka ɗage wannan sharaɗi ga sauyin farko. Aka kuma ƙara wa waɗanda suka buga kakar korona ta 2020 zuwa 2021 shekara guda a kan huɗun da aka saba. Shi ya sa Newton ya buga kaka biyar. Sai ka ga ɗan shekara 23 a ɗakin sauya kaya ɗaya da ɗan 18 da bai daɗe da barin gaban uwarsa ba.

"Veteran" ma ba ta ba mu wahala ba. Wata yayata ta ce "ɗan mazan jiya", na ce Yaya, wannan sai ranar tunawa da sojoji. "Dattijo" ta yi wa mai shekara 23 nauyi. "Gogagge" ta yi, amma tsohon hannu ta fi zama a baki, domin ba shekarun haihuwa take ƙirgawa ba, daɗewa a sana'a take nufi. Makaniki ɗan shekara 25 da ya fara tun yana goma tsohon hannu ne a garejinsu.

Inda aka yi ta kai ruwa rana shi ne "guard". Masu kallon ƙwallon ƙafa suka ce "mai tsaron baya". A'a. A ƙwallon kwando mutum biyar ne a fili, kuma duk biyar ɗin suna kai hari, duk suna komawa tsaro. Sunan tsohon yayi ne da ya rage tun zamanin da aikin biyun da ake kira "guard" cikin biyar ɗin shi ne tsare kwandonsu. Yau su ne galibi gajerun ƙungiya, masu sauri, masu wasa nesa da kwando. Iri biyu ne kuma. Akwai mai ɗauko ƙwallo ya raba ta, akwai wanda aka fi sani da jefawa daga nesa.

Na biyun an ce a kira shi maharbi, kuma na karɓa hannu bibbiyu. Cam Spencer, wanda ya zo UConn a 2023 bayan ya bi ta Loyola Maryland da Rutgers, maharbi ne ƙarshe. Na farkon ne ya raba kanmu. Na kawo "madugu". Wani malamin Hausa ya ce in tsaya, ya tuna mana yadda ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayo goro yake: akwai madugu uban tafiya, akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya, akwai uban dawaki. Ya ce mai riƙe ƙwallo a gaba ya fi kama da jagaba. Sai wani ya ce don Allah a bar jagaba ta huta, kada a mayar da hirar ƙwallo ta zama ta siyasa. Aka yi dariya, amma maganar malamin ta zauna mini.

Ga abin da ya ce, kuma ya fi ni gaskiya. Idan muka kira duk mai raba ƙwallo madugu, me za mu kira yaro ɗan shekarar farko da aka ɗora a gurbin, wanda hannunsa ke rawa idan 'yan kallo suka ɗau ihu? Gurbin wasa koci ke bayarwa. Madugu kuwa ba a naɗa shi da takarda. Fatake na bin sa ne don ya sha bin hanyar, ya san mashigin kogi, ya san inda ake biyan fito da inda 'yan fashi ke kwanto. Kuma ba lallai ya zama ɗan garinku ba. A nan na ga ashe kalmomi ukun da nake ta fama da su Hausa ta dunƙule su a guda.

Na koma na sake kallon wasan ƙarshe na 2025 don in gwada kalmar. Walter Clayton Jr. ya yi shekara biyu a jami'ar Iona ƙarƙashin koci Rick Pitino, sannan ya koma Florida, jiharsa ta haihuwa, a 2023. A wasan kusa da na ƙarshe ya zuba wa Auburn maki 34. A na ƙarshe kuwa 'yan Houston suka manne masa kamar kaska, aka tafi hutun rabin lokaci bai ci ko maki ɗaya ba. Yaro ɗanye da ya fara jefa ƙwallo ta ko'ina don ya wanke kansa. Shi kuwa sai ya riƙa miƙa wa abokin wasansa Will Richard, wanda hannunsa ke ci a daren. Houston ta ba su ratar maki 12, suka biyo ta a hankali har suka wuce. Saura daƙiƙoƙi, Florida na gaba da maki biyu, Emanuel Sharp na Houston ya yi tsalle zai jefa ta maki uku, Clayton ya taso masa da hannu a sama. Sharp ya saki ƙwallon ƙasa, doka kuma ta hana shi sake taɓa ta, yana tsaye yana kallonta tana tsalle har Alex Condon na Florida ya faɗa kanta. Aka tashi 65 da 63. Maki 11 kacal Clayton ya ci a daren, aka ba shi gwarzo. Maharbi ba ya bayyana abin da ya yi a wasan nan. Madugu ta bayyana.

Akwai mai cewa kyaftin ta wadatar. Ban yarda ba, Alhaji. Kyaftin muƙami ne, ana iya ba wanda ya fi daɗewa a makarantar ko da benci yake ɗumamawa. Wanda muke magana a kai watakila watansa huɗu da zuwa, bai ma gama sanin hanyar ɗakin cin abinci ba, amma idan saura daƙiƙa goma cikin talatin ɗin da ake ba ƙungiya ta jefa ƙwallo, hannunsa kowa ke nema.

To ga inda muka tsaya. Gurbin mai ɗauko ƙwallo: mai jan wasa. Abokinsa: maharbi. Wanda ya canza makaranta: ya sauya sheƙa. Wanda ya daɗe ana gogawa da shi: tsohon hannu. Idan duk suka haɗu a mutum ɗaya har yara suka sallama masa, shi ne madugu. Jimlar da ta hana ni barci ta koma haka: "Tsohon hannun da ya sauya sheƙa bana shi ne madugun ƙungiyar."

Abu ɗaya ya rage. Har yanzu ba mu da kalma guda da za ta haɗa mai jan wasa da maharbi. An kawo "'yan waje", tunda nesa da kwando suke wasa, amma mai karatu zai ɗauka baƙin haure ake nufi, musamman a ƙungiya irin UConn ta 2023 da gwarzonta Adama Sanogo ɗan Mali ne, kuma shi a gindin kwando yake wasa. An kawo "'yan baka", saboda layin maki uku da ya lanƙwasa kamar baka. Wannan ta ɗan kwanta mini, sai dai a rubuce tana iya zama 'yan surutu. Zan miƙa aikin gobe da safe da "mai jan wasa da maharbi" a rarrabe, sai in wani ya kawo wadda ta fi kafin sallar isha.