Neman kalma: me za mu kira ɗan kifin salmon da ke ɗauke da gwaiduwarsa?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. Ana son mayar da bayani kan yadda girman ƙwai ke shafar rayuwar 'ya'yan kifin salmon na kogi zuwa Hausa, sai kalmar alevin ta tsaya a wuya. Shi ne kifin da ya ƙyanƙyashe amma bai fara cin abinci ba, wata 'yar jaka na reto a cikinsa. Turawa sun raba shi da fry, wanda ya fito yana neman abinci. In aka ce musu duka 'ya'yan kifi, bayanin ya cakuɗe. Tsakon kifi zai yi?

Malamin kimiyyar kifi: Wa'alaikumus salam. Kafin a raɗa suna, bari a ga abin da ake raɗa wa. Uwar salmon ta Tekun Atilantika takan hau kogi, a Norway ko Sikotilan misali, ta tona rami cikin tsakuwa da jelarta a ƙarshen shekara, ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, ta binne. Faɗin ƙwai ɗaya milimita 5 zuwa 7 ne, kuma uwa takan yi kimanin ƙwai 1,500 a kan kowane kilo na nauyinta. Ana lissafa ƙyanƙyasa da jimillar zafin ruwa: kullum a tara digirin ranar, in ya kai wajen 500 sai a sa ido. A ruwa mai digiri 8, wata biyu ke nan. Bayan ɗan kifin ya fasa ƙwai ba ya fitowa. Yana kwance a duhu cikin tsakuwa yana zuƙar gwaiduwa, wajen mako biyar a irin wannan ruwan, in ya fi sanyi ya fi haka daɗewa. Sai jakar ta kusa ƙarewa yake kutsawa ya fito.

Malamar harshe: To ai Malam, bayaninka ya kayar da tsako a nan. Tsako ba ya daɗewa da fasa ƙwai yake fara tsattsaga da bakinsa. Wanda ke kwance bai san yunwa ba, ba tsako ba ne. A ajiye tsakon kifi wa fry, ya zauna masa daram. Na farkon kuwa ina ba da shawarar ɗan guzuri, tunda uwa ce ta ƙulla masa abin da zai ci kafin ya kai ga neman na kansa.

Mai kula da ɗakin ƙyanƙyasa: Hajiya, ɗan guzuri na da daɗin faɗa, amma ɗalibi ba zai san me ke cikin jakar ba. Ɗan gwaiduwa ya fi nuna abin da ido ke gani, jakar kuma a ce jakar gwaiduwa. Akwai kuma batun awo, don nan ake yawan kuskure. Ƙwai kan sha ruwa ya kumbura ya yi tauri cikin sa'o'in farko bayan zubawa, saboda haka wanda ya auna kafin kumburi da wanda ya auna bayansa ba abu ɗaya suka auna ba. In da hali a busar da samfuri har nauyinsa ya daina sauka, a auna busasshen. Kuma kada milimita ɗaya ta yi wa mutum kama da ƙaramin abu. Daga 5 zuwa 6, abin da ƙwan ke ɗauka ya ƙaru da kusan kashi 73 cikin ɗari, domin lissafinsa faɗi sau faɗi sau faɗi ne.

Malamin kimiyyar kifi: Na bi bayan ɗan gwaiduwa. Dalilin da ya sa dole a raba sunayen biyu shi ne, ribar babban ƙwai a ranar fita ta fi bayyana. Babban ƙwai kan ba da babban tsako. Tsakon salmon kuwa mai kama wuri ne, kowa ya tsare ɗan filinsa inda ruwa ke koro ƙananan ƙwari, ya kori na kusa. Ƙarami in an kore shi sai ruwa ya ja shi ƙasa, gwaiduwa ta ƙare, ko yunwa ta kashe shi ko babban kifi ya haɗiye shi. Mace-mace mafi yawa a makonnin farkon nan ake yi. Sigurd Einum da Ian Fleming sun gwada wannan da salmon a kogi a Norway, suka wallafa a shekarar 2000: ƙanana da waɗanda suka makara fitowa su suka fi mutuwa. A tankin da abinci ya wadata kuma babu mai farauta, bambancin kan dusashe. Shi ya sa Daniel Heath da abokan aikinsa suka ruwaito a 2003 cewa ƙwan salmon nau'in cinuk da ake kiwo a British Columbia ta Kanada ya yi ta raguwa cikin 'yan zuriyoyi kaɗan: inda ƙaramin ƙwai ma ke rayuwa, uwa mai ƙwai ƙanana da yawa ita ke cika gida. Matsalar tana tasowa in aka saki irin waɗannan a kogi.

Mai fassara: Ranka ya daɗe, in babba ya fi, me ya hana kowace uwa yin manya?

Malamin kimiyyar kifi: Cikinta ɗaya ne. Duk abin da ta ƙara wa ƙwai ɗaya, daga yawansu ta rage. Girman da ya fi amfanar uwa wajen yawan waɗanda za su tsira bai kai girman da ɗan zai so wa kansa ba. An daɗe ana zaton babban ƙwai ya fi saurin shaƙewa inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, amma gwajin da Einum, Hendry da Fleming suka wallafa a 2002 kan ƙwan kifin tirawut, ɗan uwan salmon, ya nuna manyan ne ma suka fi jurewa. Abin da ke halaka babba da ƙarami shi ne yashi da laka in suka toshe tsakanin tsakuwa: ruwa ya daina ratsawa, ɗan gwaiduwa kuma ya rasa ƙofar fita.

Malamar harshe: Na janye ɗan guzuri daga sunan kifin, amma kada a yar da guzuri. Ya dace da abin da uwa ke zubawa cikin kowane ƙwai: a ce guzurin uwa. Jam'in kuwa 'yan gwaiduwa da 'yan tsakin kifi. Ramin da take tonawa, wanda suke kira redd, a ce gurbi. Sheƙa ginawa ake yi da ciyayi, gurbi kuwa tonawa ake yi a ƙasa don ƙwai.

Mai fassara: Na gode malamai. Jimlar da ta hana ni gaba yanzu ta zama: ɗan gwaiduwa daga babban ƙwai yakan bar gurbi a matsayin babban tsako, shi ke riga 'yan uwansa kama wuri. Saura parr da smolt, matakan girman da ke biye da tsako, zan buɗe musu nasu zaren.